Tsatsar ƙwayoyin jiki da antioksidan a kare mai cutar bairos: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa jinyar kwikwiyo mai amai da gudawar jini, ko kare mai majina da jijjiga, ya san yadda shawara ke kwararowa ta ko'ina: a ba shi bitamin kaza, a haɗa masa da kaza mai ƙara garkuwar jiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu karnuka suka fi maimaitawa a kan wannan batu.

Mece ce tsatsar ƙwayoyin jiki?

Kowace ƙwayar halitta a jikin kare tana ƙona abinci da iskar oksijin don ta samu ƙarfi, a wasu 'yan ɗakuna da ake kira mitokondiriya. Wuta kuwa ba ta rasa tartsatsi. Wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce bai gama aikinsa ba, ya zama sinadarai masu zafin nama da ke fizgar lantarki daga duk abin da suka ci karo da shi. Manyansu uku ne: sufa'oksayid, haidirojin feroksayid, da haidiroksil, wanda ya fi su ɓarna. A nan za mu riƙa kiransu tartsatsin oksijin.

Idan tartsatsin ya faɗa kan kitsen da ya zagaye ƙwayar halitta, sai ɓarna ta yi ta bin juna, fatar ƙwayar ta fara yoyo. Yana lalata furotin, yana kuma taɓa DNA. Irin aikin da iska ke yi wa ƙarfe ne har ya yi tsatsa, shi ya sa sunan ya dace. Lafiyayyen jiki kullum yana samar da tartsatsi, kullum yana kashe shi. Ana cewa an samu tsatsa ne idan tartsatsin ya fi ƙarfin masu kashe shi, wato antioksidan. Masanin Jamus Helmut Sies ne ya fayyace wannan ma'ana a 1985.

Su antioksidan ɗin mene ne? Magani ne ko abinci?

Yawancinsu ba ko ɗaya ba ne, jiki ne ke ƙera abinsa. Akwai inzayim uku, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, da ke ɗaukar mafi nauyin aikin. SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969, yana mayar da sufa'oksayid ya zama haidirojin feroksayid. Daga nan katales da gulutatayon feroksides su mayar da shi ruwa. Waɗannan inzayim ba sa aiki sai da ma'adinai: SOD na buƙatar tagulla da zink ko manganis, gulutatayon feroksides kuma na buƙatar seleniyom.

Rukuni na biyu ƙananan sinadarai ne: gulutatayon, wanda hanta ce ta fi samar da shi, da bitamin E, da bitamin C, da karotin. Aikin gayya suke yi. Bitamin E yana zaune cikin kitse yana tare tartsatsi, idan ya gaji bitamin C ya farfaɗo da shi, shi kuma bitamin C gulutatayon ne ke mayar da shi bakin aiki. Wannan ne dalilin da ya sa a cika jiki da ɗayansu kaɗai ba ya haifar da abin da mutane ke zato.

Me ya haɗa cutar bairos da wannan?

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce wadda mutane ba su cika sani ba: jiki da gangan yake samar da tartsatsi idan cuta ta shigo. Fararen ƙwayoyin jini suna da wani inzayim da ke watsa sufa'oksayid a kan abokin gaba. Makami ne, sai dai makamin ba ya bambance baƙo da ɗan gida, kuma idan yaƙi ya daɗe naman da ke kewaye shi ma yana ƙonewa. Ta biyu, bairos da ya shiga ƙwayar halitta yana hargitsa aikin mitokondiriya, sai yoyon tartsatsi ya ƙaru.

Ta uku ta shafi ɗaya ɓangaren ma'aunin. Kare mara lafiya ya daina ci, yana amai, yana gudawa, hanjinsa ba ya tsotsar abinci. Bitamin E da zink da furotin da ake ƙera gulutatayon da shi duk sun daina shigowa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Ga kuma ƙarewar ruwan jiki, wadda ke rage jinin da ke isa hanji da ƙoda. Nama da ya ji yunwar oksijin, idan jini ya dawo masa, yakan fitar da tartsatsi mai yawa a lokaci guda.

Kwikwiyona ya kamu da farbo. Yaya abin yake a wannan cuta?

Bairos ɗin farbo ya bayyana a karnuka a 1978, ya kuma bazu a duniya cikin ƙanƙanen lokaci. Yana neman ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa, wato na bangon hanji, da na ɓargo, da na kaluluwa. Idan ya cinye tushen da bangon hanji ke sabuntawa daga gare shi, sai hanji ya saluɓe: amai, gudawa mai jini da wari, da bushewar jiki. A lokaci guda ɓargo ya kasa samar da fararen ƙwayoyin jini, bakteriyar da ke cikin hanji kuma ta samu ƙofa ta kutsa cikin jini. Wannan haɗuwa ce ke kashe kwikwiyo.

Duk hanyoyi ukun da aka ambata a amsar da ta gabata suna aiki a nan. Wani bincike da aka buga a 2009 daga Indiya ya samu ƙarin alamar lalacewar kitse a jajayen ƙwayoyin jinin karnuka masu farbo idan aka kwatanta da lafiyayyu, kuma an samu irin wannan sakamako a wasu wurare daga baya. Saboda haka tsatsar gaskiya ce. Amma rakiya take yi wa cutar. Ba ita ce ta kawo ta ba, kuma ba ita ce abu na farko da likita zai sa gaba ba. Duba amsar "To me ke ceton kare?"

A distemfa fa, me ya sa ake danganta ta da ƙwaƙwalwa?

Distemfa 'yar'uwar ƙyanda ce, gidansu ɗaya a cikin ƙwayoyin bairos. Henri Carré na Faransa ne ya nuna a 1905 cewa bairos ke kawo ta. Takan fara da zazzaɓi, kwantsa, majina da tari, wani lokaci da amai da gudawa. A wasu karnuka tafin ƙafa da hanci sukan yi kauri su taurare. Abin tsoro yakan zo daga baya, makonni bayan mai kare ya ɗauka an wuce wurin: fizgar tsoka, tangaɗi, motsin baki kamar ana tauna, farfaɗiya, ko shanyewar ƙafafu.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna lulluɓe da wani rufi mai suna mayelin, kamar robar da ke kan wayar lantarki. Mafi yawansa kitse ne, ƙwayoyin da ke ƙera shi kuma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa. Kitse da ƙarfe da oksijin a wuri ɗaya, babu abin da tartsatsi ke so kamar haka. Masu bincike a Jami'ar Bern da ke Suwizalan sun nuna a 1989, a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kare da aka raina a ɗakin gwaji, cewa idan garkuwar jiki ta manne wa ƙwayoyin da suka kamu da distemfa, ƙwayoyin tsaro da ke kusa sukan fara watsa tartsatsin oksijin. Ke nan wani ɓangare na zaizayewar mayelin a matakin cutar na baya, jiki ne ke yi wa kansa a ƙoƙarin korar baƙo.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ake sha'awar antioksidan a distemfa. Amma babu wani bitamin da aka tabbatar yana hana cutar shiga ƙwaƙwalwa ko yana gyara mayelin da ya riga ya lalace. Fizgar tsoka takan zauna wa kare har ƙarshen rayuwarsa ko da ya warke.

Sauran cututtukan bairos fa, kamar ciwon hanta da haukan kare?

Ciwon hanta mai yaɗuwa na karnuka, wanda wani adinobairos ke kawowa, yana bugun gaɓar da ta fi samar da gulutatayon. Shi ya sa likita kan iya ƙara magungunan tallafa wa hanta irin su SAMe ko silimarin a kan sauran jinya. Wasu karnukan idonsu kan yi shuɗi-shuɗi lokacin da suke murmurewa.

Haukan kare kuwa ba ya cikin wannan magana ko kaɗan. Da zarar alamu sun bayyana, mutuwa ce, babu antioksidan ko wani magani da ke juya ta. Kada a taɓa bakin kare da ake zargi da niyyar ɗura masa wani abu. A killace shi, a kira likitan dabbobi, mutumin da karen ya ciza ko ya yakusa kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi asibiti nan take.

Akwai alamar da zan gani in gane tsatsa ta yi yawa? Ana gwadawa?

Babu wata alama tata ta kanta. Kasala, rashin ci da ramewa duk alamun cutar ce gaba ɗaya. A ɗakin bincike ana auna MDA, wato sinadarin da ke fitowa idan kitse ya lalace, ana auna ƙarfin SOD da katales da yawan gulutatayon, ko jimillar ƙarfin antioksidan na jini. Waɗannan gwaje-gwaje na masu bincike ne, ba kasafai ake yin su a asibitin dabbobi ba, kuma sakamakonsu yana sauyawa da yadda aka ɗebi jinin da yadda aka ajiye shi. Inzayim ma a wani bincike sukan hau, a wani su sauka, gwargwadon matakin da cutar take. Abin da zai amfani karenka shi ne gwajin kashi na farbo, ƙidayar fararen ƙwayoyin jini, sukarin jini, fotasiyom da furotin na jini, domin su ne ke sauya abin da likita zai yi a ranar.

Antioksidan suna kashe bairos?

A'a. Iyakar abin da ake fata daga gare su shi ne rage ɓarnar da ke biyo bayan yaƙin. Wanda aka fi gwadawa a farbo shi ne NAC, maganin da ke ba jiki sistin, tubalin da ake gina gulutatayon da shi. A wani bincike na 2018, shi ma daga Indiya, karnukan da aka ƙara wa NAC ta jijiya a kan jinyar da aka saba yi sun nuna raguwar alamun tsatsa, ƙwayoyin jininsu kuma sun fi saurin farfaɗowa.

Labari ne mai daɗi, amma a lura da abu biyu. Karnukan ƙalilan ne, kuma duk an yi musu cikakkiyar jinya, NAC ƙari ne kawai. Sannan gyaruwar lamba a takardar gwaji daban, tsira da rai daban. Likitan da ya ƙara NAC bai yi laifi ba, wanda bai ƙara ba shi ma bai yi sakaci ba. Kada dai a ba kare mai amai NAC ta baki a gida: yana da warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi kansa yana tayar da zuciya.

To me ke ceton kare?

Ruwa ne kan gaba. Ƙarin ruwa ta jijiya, tare da gyara sukari da fotasiyom, shi ke mayar da jini ga hanji da ƙoda. Sai maganin tsayar da amai, maganin ciwo, da maganin bakteriya. Na ƙarshen ba don bairos ba ne, don bakteriyar da ke tsallakawa cikin jini ce, ko ciwon huhu da ke bin distemfa. Kwikwiyo mai farbo da aka bari ba jinya mafi yawan lokuta mutuwa yake yi, amma da jinya a asibiti kusan takwas zuwa tara cikin goma suna tashi. A Amurka, a 2023, an ba da izinin wucin gadi ga wata allurar garkuwa da aka ƙera don farbo kaɗai, mai kama bairos ɗin kai tsaye.

Idan aka duba da kyau, wannan jinya ita ce ma babbar hanyar rage tsatsa, tunda tana toshe wuraren da tartsatsin ke fitowa. Mai karen da ya ɓata kwana biyu yana gwada bitamin a gida ya sayi abin da bai kai ba da abin da ba ya dawowa, wato lokaci.

Zan iya ba shi bitamin C? Ai mutane na sha idan suna mura.

Mutum ba ya iya ƙera bitamin C, dole ya ci. Kare kuwa hantarsa tana ƙera masa daga sukari, shi ya sa ba a lissafa shi cikin abubuwan da dole a sa a abincin kare. An daɗe ana yaɗa cewa allurar bitamin C mai yawa tana warkar da distemfa, amma babu ingantaccen gwaji da ya tabbatar da haka. Idan ya yi yawa ta baki yana kawo gudawa, abin da kare mai farbo ba ya buƙatar ƙari, yana kuma iya ƙara okzalet, sinadarin da kan zama tsakuwa, a fitsari. Wani abin mamaki, idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke yawo a nama mai kumburi, yana iya juyawa ya taimaka wajen samar da haidiroksil. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata a ba kare mai zazzaɓi maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba sai likita ya ce.

Bitamin E da seleniyom fa? Ana iya wuce gona da iri?

Ana iya. Bitamin E yana da sauƙin kai idan aka kwatanta da sauran masu narkewa a kitse, amma idan ya yi yawa sosai yana shiga hurumin bitamin K, jini ya yi jinkirin daskarewa. Ka tuna kare mai farbo jini yake zubarwa ta hanji. Seleniyom ya fi haɗari, domin tazarar da ke tsakanin abin da jiki ke buƙata da abin da ke zama guba ƙarama ce. Allurar haɗin bitamin E da seleniyom da aka yi don shanu ko tumaki ba ta kare ba ce. Haka sinadarin alfa lifoyik da mutane ke sha: ƙwayoyi kaɗan na iya faɗar da sukarin ƙaramin kare su taɓa hantarsa.

Akwai darasi daga likitancin mutane. An yi zaton beta karotin zai kare masu shan taba daga kansar huhu. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Finland da aka buga a 1994, ɗaya a Amurka a 1996, sun nuna akasin haka: kansar ta ƙaru a waɗanda suka sha. Ga kuma abin da aka faɗa a baya, cewa tartsatsi makamin garkuwar jiki ne. Ba a son a kashe shi ƙurmus, so ake ya tsaya inda ya dace.

Na ji ana ba yara masu ƙyanda bitamin A. Zai yi wa distemfa aiki?

Tambayar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar bitamin A ga yara masu ƙyanda, kuma gwajin da aka yi a kan wata ƙaramar dabba mai suna feret ya nuna waɗanda ke da isasshen bitamin A sun fi jure distemfa. Amma amfaninsa a nan ya fi alaƙa da garkuwar jiki da lafiyar fatar cikin huhu da hanji fiye da kashe tartsatsi. Yana kuma taruwa a hanta, idan ya yi yawa ya zama guba. Likita ne zai yanke ko a ba da shi, da kuma nawa.

An ce tafarnuwa, inabi da koren shayi cike suke da antioksidan. In ba shi?

Kada ka ba shi. Wannan ce tambayar da kuskure a cikinta ya fi tsada. Tafarnuwa da albasa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna ɗauke da sinadarai masu jawo wa jajayen ƙwayoyin jinin kare ainihin tsatsar da ake gudu. Suna lalata himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ƙwayoyin su farfashe bayan 'yan kwanaki, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko ruwan ƙasa. Inabi da busasshensa suna iya tsayar da ƙodar kare, kuma ba a iya sanin wane kare ne zai jure wane ne ba zai jure ba. Cakulan yana da tiyoburomin mai taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Tatsattsen sinadarin koren shayi ya yi mummunar illa ga karnukan da aka ba su cikinsu babu abinci, kuma kare mai farbo ai cikinsa wayam yake. A duba jikin kwalbar duk wani bitamin na mutane, musamman na taunawa: idan akwai zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, a ciki, guba ne ga kare.

Jikinsa ya yi zafi. Farasitamol fa?

Shi ma a'a, sai da umarnin likita. Hanta tana amfani da gulutatayon ne wajen kawar da gubar da farasitamol ke zama a jiki. Karen da ya kwana biyu bai ci ba ajiyarsa ta riga ta ragu, don haka adadin da ba ka ɗauka wani abu ba ne yana iya lalata hanta ya kuma hana jini ɗaukar oksijin. Nan ne wurin da NAC ke da tabbataccen aiki, domin shi ne makarin wannan guba. Ibufurofen ma haɗari ne ga ciki da ƙoda. Zafin jikin kare na yau da kullum tsakanin digiri 38 ne zuwa 39.2, saboda haka abin da hannunka ya ji zafi ba lallai zazzaɓi ba ne.

Ba gara a bar cikinsa ya huta ba har aman ya tsaya?

A da haka ake yi, amma ra'ayi ya sauya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu, aka buga a 2003, ya kwatanta 'yan kwikwiyo masu farbo da aka fara ciyarwa ta siririn bututun hanci sa'a 12 bayan kwantar da su, da waɗanda aka jira aman ya tsaya. Na farkon sun fi saurin samun sauƙi kuma sun ƙara nauyi. Ƙwayoyin bangon hanji daga abincin da ke wucewa ta cikinsa suke samun wani kaso mai yawa na abin da suke rayuwa da shi. Ta wannan hanya kuma furotin, zink, seleniyom da bitamin E ke dawowa a ma'aunin da jiki ya saba da shi.

Ciyarwa da wuri ba ɗura ba ce. Kare da ke kwance sharaf ko yana amai, idan aka matsa masa abinci ko ruwa a baki, yana iya shaƙewa ya wuce huhu. Kaɗan-kaɗan ake yi, mai sauƙin narkewa, bayan an ba da maganin amai.

Idan ina ba lafiyayyen kare antioksidan kullum, zai kare shi daga kamuwa?

Ba zai kare shi ba. Karen da ke cin cikakken abinci ya riga ya samu abin da yake buƙata, kuma bairos ba ya duba ƙoshin kwikwiyo kafin ya shige shi. Rigakafi ne ke hana farbo, distemfa da ciwon hanta, kuma allura ɗaya ce ke haɗa ukun. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4 har kwikwiyo ya kai mako 16 ko fiye. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar kamawa, kuma lokacin da take gushewa ya bambanta daga kwikwiyo zuwa kwikwiyo. Ana ƙara ɗaya tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya, daga nan galibi duk shekara 3. Ta haukan kare daban ake yin ta.

Idan farbo ya riga ya shiga gida, bairos ɗin yana iya zama a ƙasa watanni, har shekara a wuri mai inuwa da laima, kuma yawancin sabulai ba sa kashe shi. A fara kwashe kashi a wanke wurin, sannan a zuba ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti 10. Karen da ya warke a ware shi na kusan mako biyu, a kuma yi masa wanka kafin ya koma cikin sauran.